Murhun felet da tokar da ido ba ya gani: yadda sanyin farko ya yi da mu a Val Trompia

A watan Oktoba na 2022 muka tashi daga cikin garin Brescia da ke arewacin Italiya muka koma wani ƙauye a kwarin Val Trompia, don ya fi kusa da masana'antar ƙarfen da nake aiki, haya kuma ta fi sauƙi. Ranar da zan karɓi makulli, mai gidan, wani dattijo ɗan fansho, ya ja ni falo ya nuna mini wani akwatin ƙarfe ja mai ƙofar gilashi, tsayinsa ya kusa ƙirjina. Ya ce duk ɗumin gidan daga nan zai fito. Ya danna maɓalli, muka tsaya muna hira, wajen minti goma sai ga wuta ta kama tana rawa a bayan gilashi. Ya buga kafaɗata ya ce, "Ka zuba, ka danna, ka kwashe toka. Shi ke nan." Ni kuwa da na tashi a Zariya ina hura wa tsohuwata murhu da asubar hunturu, sai na ji a raina wace wuta ce kuma za a koya mini. Ban nemi littafin murhun ba, ban tambayi yaushe aka yi masa shara ta ƙarshe ba, ban ma san yana da takardu ba. Wata biyu bayan haka waɗannan tambayoyin guda uku da ban yi ba suka ci mini kuɗi, suka sa iyalina kwana da rigunan sanyi na kusan mako uku.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutanen nan suna ce masa stufa a pellet, mu kuma a tsakaninmu situfa muke cewa, ko murhun felet. Shi felet ɗin garin katako ne da aka busar aka matse da inji har ya zama 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 6, kai ka ce abincin kaji ne na masu ƙwai. Ana sayar da shi a buhu mai kilo 15. A bayan murhun akwai rumbu da ake juye buhun a ciki. A gindin rumbun akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe irin na cikin injin markaɗe, suna ce masa coclea, shi ke juyawa a hankali yana sako ƙwayoyin kaɗan-kaɗan cikin wani ɗan kaskon ƙarfe mai huda-huda, wato braciere. A bayan kaskon akwai ɗan sandan lantarki mai suna candeletta, yana yin jawur ya kunna ƙwayoyin farko. Sai fanka biyu: ɗaya tana zuƙo iska ta ƙarƙashin kasko ta tura hayaƙi waje ta bututu, ɗayar tana huro ɗumi cikin ɗaki. Duk wannan wata 'yar kwamfuta ce ke tafiyar da shi, tana kuma rubuta abin da ke damunta a ɗan allon da ke sama. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wannan abin ya fi kusa da injin mota bisa ga murhun tsohuwata. Da numfashi yake aiki, kuma duk inda toka ta taru a hanyar numfashin nan, to aiki ya tsaya.

Matakin farko shi ne sayen felet, a nan kuma na fara kuskure. Shekarar ba ta yi wa masu situfa daɗi ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya tsinke hanyar da kaya da yawa ke shigowa Turai, gas ya yi tsada, kowa ya ruga ga felet, ga shi Italiya yawancin wanda take ƙonawa daga waje take sayowa. Buhun da abokan aikina suka ce suna saya Yuro huɗu zuwa biyar a shekarar da ta gabata, ni na tarar da shi sha biyu a babban shago. Murhuna kuwa idan sanyi ya kankama buhu guda yake cinyewa a yini. Da na yi lissafin wata sai gabana ya faɗi. Ana haka wani ya haɗa ni da mai sayarwa a bayan mota, Yuro takwas da rabi, buhu fari fes babu tambari babu rubutu. Na kwashi talatin ina murna na yi dabara, na jera su a garejin ƙasa, a kan siminti, jikin bango. Daga baya na san cewa buhun kirki yana ɗauke da tambarin ENplus da lambar kamfanin da ya yi shi, kuma ajin A1 ma'anarsa tokarsa ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, danshinsa bai haura kashi 10 ba. Na kuma san cewa a yankin Lombardiya, inda muke zaune, tun 1 ga Oktoban 2018 doka ta hana ƙona wanda ba A1 ba a irin waɗannan ƙananan murahu. Wato araha na saya, na haɗa da karya doka ban sani ba. Simintin gareji kuma ya ƙara masa danshi.

Makonnin farko komai lafiya. Ran Lahadi nakan ja aljihun toka da ke ƙasa in juye, in mayar, in ce na yi shara. Sannu a hankali gilashin ya fara yin baƙi, da farko bayan kwana uku, daga baya cikin yini ɗaya. Harshen wutar da a da yake fari-fari, gajere, mai kuzari, ya koma dogo, ja-ja, yana lilo kamar na fitilar aci-balbal. A cikin kasko kuma wani abu yake daskarewa, mai tauri, sak kashin maƙera, sai na sa cokali na ɓamɓare. Duk waɗannan alamu ne murhun ke yi mini, ni kuwa na ɗauka haka halinsa yake. Wata Asabar uwargida ta ce ƙurar toka ta dame ta, na ɗauko injin sharar ɗaki na zura bakinsa cikin murhu. Minti biyu bai yi ba falo ya turnuƙe, domin tokar felet ta fi garin fulawa laushi, ta ratsa matatar injin ta fito ta baya, ta kuma shiga motar. Injin ya yi wani irin kuka ya mutu. Ita ce ta saye shi da kuɗin aikinta, don haka ba sai na faɗi yadda yinin ya ƙare ba.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti na dawo daga aikin dare wajen ƙarfe shida da rabi na safe, gari ya yi fari da raɓar ƙanƙara. Na danna maɓalli na shiga alwala. Da na fito babu wuta, murhu yana ta ƙara, allo ya rubuta mancata accensione, wato wuta ba ta kama ba. Na leƙa, kasko cike da felet ɗanye. Na kashe ƙarar na sake dannawa. Murhun ya sake sako wani felet a kan na farko har ya yi tozo yana zubowa. Can sai farin hayaƙi ya fara tashi, ya yi kauri, ya cika bayan gilashi har ba a ganin komai. Ina tsugune ina kallo, sai ji na yi bum! Ƙofar ta girgiza, toka ta feso ta gefe-gefe, warin hayaƙi ya cika falo. Uwargida ta fito da gudu riƙe da ƙaramar 'yarmu tana salati. "Malam, gidan mutane za ka ƙona mana?" Allah ya tsare gilashin bai fashe ba. Bayanin da na samu daga baya shi ne: idan felet ya taru da yawa yana cin wuta a ciki-ciki babu harshe, yana fitar da iskar da ke kamawa, ta taru a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta tashi gaba ɗaya. Shi ya sa littafin kowane murhu yake cewa idan wuta ta ƙi kamawa, a jira ya huce, a juye kaskon tas kafin a sake dannawa, kuma wanda aka juye ɗin kada a mayar da shi rumbu, don mai yiwuwa akwai ƙwayar da ta riga ta ɗauki wuta. Da rana na juye kaskon na sake gwadawa. Wuta ta kama da ƙyar, ta yi minti ashirin, sai wani sabon rubutu ya fito, allarme depressione, wato gargaɗin cewa iska ba ta ja, murhu ya kashe kansa. Daga nan bai ƙara yarda ba.

Na buga wa mai gidan. Tambayarsa ta farko ita ce yaushe na kira mai gyara ya yi sharar shekara. Na ce ai wata biyu ke nan da shigowata. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma bai tabbata wanda ya fita ya yi ba, amma dai in sani a ƙa'idar haya ta ƙasar nan ƙananan gyare-gyare da shara na ɗan haya ne, babban gyara ne nasa. Ya ba ni lamba biyu. Ta farko ta yi ta ringin babu mai ɗauka. Ta biyu wata mata ta ɗauka, ta tambaye ni sunan kamfanin murhun, da samfurinsa, da ƙarfinsa, da abin da allo ya rubuta. Ukun farko duk ban sani ba, sai da ta ce in haska bayan murhun, akwai 'yar takardar azurfa manne. A nan na ga kilowat 8 ne. Ta ce su ba sa taɓa wannan kamfanin, in nemi cibiyar da kamfanin ya amince da ita. Na nemo a intanet, na kira, aka ce akwai mutum sama da talatin a gabana, ga hutun Kirsimeti, kuma a nan aiki ba ya dawowa daidai sai bayan 6 ga Janairu. Aka ba ni ranar 10. Na roƙa, na ce akwai ƙaramar yarinya a gidan. Matar ta ce ta rubuta, in wani ya fasa za ta kira. Babu wanda ya fasa. Wa zai fasa a Disamba?

Kwana ashirin ɗin nan su ne mafi tsawo da na yi a ƙasar nan. Na sayo hita biyu na lantarki, muka tattara a ɗaki ɗaya. Mitar gidan kilowat 3 ce kamar yawancin gidajen haya, don haka in an kunna hita biyu aka ɗora injin wanki, sai wuta ta ɗauke, in sauka ƙasa da tocila in mayar. A dare na biyu uwargida ta ce, "Malam, ga gawayin gashin nama can da ya rage tun Sallah, ga kurfoti. Mu hura a baranda, in ya yi ja mu shigo da shi, kamar yadda ake yi a gida." Gaskiya na so in yarda. Washegari Juma'a, bayan an idar na ba wani Alhaji labari, ɗan Kumasi ne da ya fi shekara talatin a Brescia. Fuskarsa ta canza. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kada ka kuskura. Ɗakin gida yana da kafar iska ta ko'ina, na nan kuwa an toshe shi kamar kwalba. Barci za ku yi, ba za ku ji wari ba, ba za ku ji zafi ba." Ya ce duk shekara sai an kwashi baƙi irinmu zuwa asibiti saboda kaskon gawayi, wasu ba sa dawowa. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da ƙamshi, ciwon kai da jiri da kasala ne farkonta. Ya ce shi kansa murhun felet in hanyar hayaƙinsa ta toshe yana iya sako ta, in je in sayi 'yar na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar. A ranar na saya, Yuro 25, na kafa a bangon falo. Kurfoti ya koma gareji.

Ana cikin jiran ne aka turo mini saƙo cewa in tanadi takardun murhu kafin mai gyara ya zo. Aka lissafo libretto di impianto, wato littafin da ake rubuta tarihin murhun da duk gyaran da aka yi masa. Da dichiarazione di conformità, shaidar da wanda ya kafa shi ya sa wa hannu cewa ya bi ƙa'ida. Da takardar taurari. Wannan ta ƙarshen ta ɗaure mini kai, sai da abokin aikina ya yi mini bayani a wurin shan kofi. Kwarin kogin Po, wanda Brescia ke bakinsa, yana cikin wuraren da iskarsu ta fi gurɓata a Turai, duwatsu sun kewaye shi, hayaƙi ba ya samun mafita da sanyi. Saboda haka wata dokar 2017 ta raba murahun itace da na felet aji-aji daga tauraro ɗaya zuwa biyar gwargwadon tsabtar hayaƙinsu, kuma a Lombardiya tun farkon 2020 ba a kafa sabo sai mai taurari huɗu zuwa sama. Yankin yana da rajistar na'urorin ɗumama gida da ake kira CURIT, kowace na'ura da lambarta manne a jiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin cewa a idon hukuma wanda ke zaune a gidan shi ne mai alhakin kula da murhun, wato ni, ba mai gidan ba. Sau uku ina zuwa wurin dattijon. Ran farko ya ce suna wurin 'yarsa, ran na biyu 'yar ta tafi hutu, ran na uku ya miƙo mini wata jakar leda, ciki har da littafin kamfani da ya kamata in karanta tun Oktoba. Na buɗe libretto, shafin gyara na ƙarshe yana ɗauke da 2019. Sanyi uku murhun ya yi ba wanda ya buɗe cikinsa.

Ranar 10 ga Janairu na ɗauki hutun rabin yini. An ce tsakanin takwas da sha biyu, ya iso sha ɗaya da kwata, saurayi ne da bai fi talatin ba, da akwatin kayan aiki da wani injin zuƙar toka mai gangar ƙarfe. An riga an gaya mini kada in kunna murhu tun daren jiya, na ce wannan sharaɗin ai ya cika kansa. Ya zare wayar daga soket, ya shimfiɗa leda, ya ɗaga kasko ya kai shi wajen taga ya ce in duba. Cikin hudoji wajen talatin, huɗu ne kawai haske ke ratsawa. Ya ce ta nan wuta ke shaƙar iska, kuma ta babbar hudar baya zafin candeletta ke isa ga felet. In ta toshe, ko sabuwa ce ba za ta kunna ba. Na ce to ai ga matsalar, a goge a tafi. Ya yi dariya ya ce tukuna. Ya cire wani faifan ƙarfe a saman ɗakin wutar, toka ta zubo masa har gwiwar hannu. A bayan faifan akwai bututai a tsaye waɗanda hayaƙi ke bi ya bar zafinsa kafin ya fita, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da dogon buroshi. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe a saman murhun da na ɗauka ado ne, ashe na ja ne a saki, yana kankare bututan daga ciki, kuma kamata ya yi in riƙa jan sa duk bayan kwana biyu ko uku idan murhu ya huce. Sai ya kwance sukurori biyu a ƙasan aljihun tokar da nake juyewa duk Lahadi, ya buɗe wata 'yar ƙofa da ban san da ita ba. Cike take maƙil, toka ta danƙare kamar an kirɓa. Ya ce wadda nake kwashewa ita ce mai nauyi da ke faɗowa, mai laushin kuwa hayaƙi ke tafiya da ita ta sauka a nan, da jikin fanka, da kusurwar bututu.

Daga nan ya cire murfin gefe ya fito da fankar hayaƙi. Fukafukanta sun yi kauri da kunkunniya har siffarsu ta ɓace. Ya kankare, ya goge, ya sa mata sabon abin toshe baki. Ya zare wani siririn tiyo mai taushi ya hura, ya ce wannan ne ke kai wa na'urar da ke auna jan iska labari; idan ta ji iska ba ta tafiya yadda ya kamata sai ta tsayar da sakin felet, kuma ita ce ta rubuta mini depressione. Wato ranar da nake zagin murhu, shi kare mu yake yi. Ya ɗauki takarda ya maƙale a bakin ƙofa ya rufe ya ja, ta zare salin-alin. Igiyar da ke zagaye bakin ƙofar ta mutu, iska tana shiga ta inda bai kamata ba, ya sauya ta. Ya auna candeletta da mita ya ce ta kusa gamawa, na ce a sauya kawai, ba zan sake jiran kwana ashirin ba. Ya kwashe rumbu kaf, a gindinsa gari ya taru ya fi kwano guda, irin wanda ke cushe coclea. Ya ɗebi felet ɗina ya murza a tafin hannu ya ruguje, ya shinshina, ya tambayi inda na samo. Da na faɗa, bai ce komai ba, ya dai ɗauko rabin buhu daga motarsa ya ce da wannan za mu gwada. Banbancin a ido ma ya fito: nasa sumul, mai sheƙi, in ka karya sai ya ce ƙas. A ƙarshe ya buɗe murfin da ke ƙasan mahaɗar bututu a bayan murhu, wadda ke da siffar harafin T, ya tara bokiti, kusan rabi ya cika. Ya mayar da komai, ya danna, cikin minti shida wuta ta tashi fara tas. Ya shiga cikin kwamfutar ya goge lissafin awoyin aiki, ya cike libretto, ya ba ni takardar rahoto da rasit. Awa biyu da rabi ya yi. Shara Yuro 120, candeletta 45, igiya da sauran tarkace 20. Na kai wa mai gidan rasit tare da shafin 2019 a buɗe, ya dube shi ya ɗauki nauyin candeletta da rabin shara, ba tare da mun yi musu ba.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin saurayin ya ce shi iyakarsa murhu da ɗan bututun cikin ɗaki. Dogon da ya bi bango ya fita saman rufi aikin spazzacamino ne, mai sharar bututun hayaƙi, kuma a yankin nan ana so a share shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ya ce in riƙa kunna murhun a matsakaicin ƙarfi kafin nan. Wannan jiran bai yi zafi ba tunda akwai ɗumi. Mutumin ya zo ranar 30 ga Janairu, dattijo mai fara'a, ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau rufi, ya riƙa zura buroshi yana ƙara sanduna, abokin aikinsa yana ƙasa da injin zuƙa. Daga hular bututun ya ciro tsohuwar sheƙar tsuntsu, baƙa ƙirin, ta cinye kusan rabin hanya. Yana wanke hannu yake gaya mini cewa na kira shi a ranar da ta dace, don kwana ukun ƙarshen Janairu su suke kira kwanakin merla, sunan wata baƙar tsuntsuwa, wai su ne mafi sanyi a shekara. A tatsuniyarsu tsuntsuwar fara ce, sanyi ya kore ta ta ɓuya a bututun hayaƙi kwana uku, ta fito baƙa, jikokinta har yau baƙaƙe. Na ce to ga gidan kakarsu mun rushe. Ya karɓi Yuro 80, ya ba ni tasa takardar, na haɗa da sauran a jakar leda. Da na tara lissafi, har da injin sharar uwargida da na biya, da hita biyu, da takardar wutar lantarkin da ta zo a Fabrairu, da buhu goma sha ɗaya na farin felet da na bayar kyauta ga wani mai doki ya shimfiɗa a barga, arahar Yuro uku da rabi a buhu ta ci mini abin da ya haura ɗari huɗu. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, ni kam na sani.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma tun daga lokacin allo bai ƙara rubuta mini komai ba sai sallamar kunnawa. Kullum kafin in danna, murhu a sanyaye, ina ɗaga kasko in juye, in bi hudojin da tsohon sukundireba har in ga haske ta kowace, in zuƙe gurbin da yake zama, in mayar da shi ya zauna daram da babbar hudar tana kallon candeletta. In ya karkace ko kaɗan wuta ba ta kamawa. Minti uku ne. Injin zuƙar toka na gangar ƙarfe na saya Yuro 45, amma ko da shi ba na taɓa toka sai ta kwana, don garwashi yana ɓuya a cikinta awoyi da yawa. Gilashi kuwa uwargida ce ta karɓe shi. Na sayo wani ruwan fesawa mai tsada, ta ture shi, ta jiƙa takarda ta dangwali toka ta goge, ya fito ƙal, ta ce tun tana yarinya da toka suke wanke tukunya, Bature bai zo da sabon abu ba. Sai dai a gilashi mai sanyi, kuma a bushe shi kafin a kunna. Duk kwana biyu ko uku ina jan ƙarfen bututai in juye aljihu. Duk wata ina buɗe ɓoyayyiyar ƙofar nan ta ƙasa da murfin T, in bar rumbu ya kusa ƙarewa in zuƙe garin gindinsa. Ƙarshen buhu ba na juye shi kai tsaye, ina tankaɗe shi da rariya. Kashewa kuma da maɓalli ake yi, a bar fanka ta gama fitar da hayaƙi da kanta, yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin. Wanda ya zare waya daga soket wuta na ci, hayaƙin ɗakinsa zai dawo. Kuma na daina barinsa yini guda a mataki na ɗaya don tsimi, domin ƙaramar wuta ita ta fi tara kunkunniya. Ko rabin awa ne nakan ɗaga shi sama ya ƙone abin da ya taru.

Felet ɗin ma ya sauko. Daga Janairun 2023 gwamnati ta rage harajin IVA, wato harajin sayen kaya, a kansa daga kashi 22 zuwa 10 na wannan shekarar, kasuwa kuma ta lafa. Na koyi saye da bazara, lokacin da ba mai nema, fale guda, wato tari mai buhu 70 a kan katako, nesa da bango, an lulluɓe. Ina duba tambari da lambar da ke ƙarƙashinsa kafin in biya. A tsakiyar Afrilu da aka daina kunnawa na bar murhun ya cinye abin da ke rumbu har coclea ta juya wayam, don felet da ya kwana wata shida a ciki yana shan danshi ya kumbura ya cije ƙarfen. Na share ko'ina, na zare waya saboda tsawar bazara da ke ƙona kwamfutar, na bar ƙofar a ɗan buɗe. Ranar 5 ga Yuni na buga wa cibiyar nan da ta sa ni jiran kwana ashirin. Matar ta tambaye ni gobe ko jibi, safe ko yamma, ta kuma ce akwai ragin Yuro 20 ga masu yi kafin Satumba. Na ce jibi da safe. Saurayin nan ne ya sake zuwa, ya ɗaga kasko ya kai taga, ya ƙirga hasken, ya mayar bai ce komai ba, ya nemi a ba shi shayin da ya sha wancan karon.